Kiɗan da Ba a San Mai Shi Ba

In kuna son sanin shekarar, ku fara daga canjin kuɗi. An daina fam da sule an koma naira, sai aka yi farin nan da ya kwantar da shanun Fulani a hanyar Zango har ungulu ta ƙoshi ta bar nama. Bayan farin kuɗin mai ya shigo, ma'aikata suka sami ƙarin albashi, kowane malamin makaranta a Daura ya sayi babur da rediyo, biki ya yi yawa har muna ƙin amsa gayyata. To, a sanyin da ya biyo baya ne na je Jamus. Ni ban yi boko ba, ban san lambar shekara ba. Amma duk tsohuwar da ta yi zamani a unguwarmu, in ka ce mata shekarar da Azumi Mai Ƙwarya ta shiga jirgi, ta gane.

Kiɗan ƙwarya gadona ne. Uwata, Inna Delu, ita ta koya mini, kuma a zamaninta daga Daura har garin Babban Mutum ba wadda ta kama ƙafarta. Da ƙuruciya 'yan bori take yi wa kiɗa. Wata rana tana cikin kiɗa iska ta hau wata yarinya, aka yi aka yi ta sauka ta ƙi, yarinyar ba ta ƙara gane uwarta ba har ta koma ga Allah. Daga ranar Inna ta tuba. Da za ta miƙa mini ƙorenta, sai da ta ɗora hannuna a kan nata ta sa na rantse.

Ta ce, "Mutum za ki yi wa kiɗa, mai suna, mai uwa da uba. Duk inda kika ga ana kiɗa ba a san wanda ake yi wa ba, akwai mai shi, ganinsa ne ba kya yi. Ki naɗe hannunki."

Rantsuwar ba ta taɓa yi mini nauyi ba, don a wurinmu kowane kiɗa da mai shi. Amarya da nata, maijego da nata. Mahauta da takensu, maƙera da nasu, wanda ko mutum yana barci ya ji ya san da shi ake.

Wadda ta kai ni Jamus wata Baturiya ce da ta zo Daura da rikoda tana bin gidajen biki. Ran Juma'a ta fara shigowa gidanmu, shi ya sa muka sa mata Jummai. Tana jin Hausa, amma in tana magana sai ka ce mai tafiya a kan ƙaya. Ta ce a garinsu ana tara makaɗa daga ƙasa-ƙasa su yi wasa tare, tana so in je. Na tambaye ta bikin wa ake yi. Ta yi dariya ta ce bikin makaɗa ne. Na ɗauka Hausar ce ta gaza mata, wani babban mutum ne zai aurar da 'ya. Lokacin maigidana ya rasu, na gama takaba, sai aka haɗa ni da ƙanena Ilu mai fataucin awaki ya raka ni.

A Ikko aka raba mu. Muna filin jirgi wani mutum fes-fes da rigar ma'aikata ya zo yana Hausa kamar Bakano, ya ce a kawo fasfo ya buga mana hatimi kada mu sha layi. Nawa yana ƙulle a lalitata ƙarƙashin zane, na ce ba zan kwance a gaban maza ba. Ilu ya miƙa nasa. Har yau hatimin ake bugawa. Da aka fara kiran masu jirginmu, Ilu ya zauna a kan buhun guzurinmu idonsa ja wur ya ce, "Yaya, mu koma gida." Na tuna matan unguwa da suka raka ni tasha da guɗa, na tuna wadda za ta fara tambayata yaya sanyin Turai in na sauka da safe. Na ce masa shi ya koma ya gaishe su. Na ɗauki ƙorena na bi bayan wata mai ɗa a hannu.

Ma'aikatan jirgi sun so su karɓi ƙoren su sa cikin kaya, na ƙi. A cinyata suka yi tafiyar, masakin da ƙananan a cikinsa. Da na leƙa taga na ga gajimare a ƙarƙashinmu shimfiɗe kamar an baza audugar duniya ana jiran mai awo, sai na kasa ko addu'ar kirki, Allahu akbar kawai nake ta maimaitawa. Ni da nake ɗaga kai in duba hadari, yau ga ni ina sunkuyawa.

Kafin tafiya wani ɗan gwanjo a Kano ya sayar mini da rigar sanyi, fara sol, mai gashi-gashi, da ɗamararta, ya rantse irin ta matan sarakunan Turai ce. Ita na sa na sauka. Jummai ta zo taryata tare da wani Bahaushe, Malam Hamisu, mutumin Babban Mutum da gwamnati ta tura koyon aikin injuna, shi zai riƙa yi mini tafinta. Yana ganina ya sunkuyar da kai ya matso ya ce a hankali, "Gwaggo, wannan fa rigar fitowa wanka ce." Na dube shi sama da ƙasa na ce yaushe mutumin Babban Mutum ya san tufafi har zai koya wa 'yar birni. Na gyara ɗamarata na wuce gaba. Kuma ko yanzu zan faɗa, rigar ta karɓe ni. Sanyi ne dai ba ta tarewa. Muna fita waje na ji kamar an watsa mini allurai a ƙirji, ga wani farin abu yana saukowa daga sama ba ƙara, ba tsawa, ya rufe motoci da itatuwa. Na tara hannu, ya narke kafin in gama kallonsa.

Masaukinmu wani tsohon gidan saƙa ne da aka kwashe injunansa, ɗakunan kwana a sama, ƙasa kuwa fili ɗaya mai faɗin masallacin Juma'a. Nan makaɗa ke haɗuwa kullum da hantsi, in za a kira wannan ranar tasu mara ƙarfi hantsi. An kasa su rukuni-rukuni, ni aka haɗa ni da mutum uku. Akwai wani dogon tsoho Bajamushe mai jan ƙafar hagu, da gogensa wanda ya fi shi tsawo, a tsaye yake rungumarsa. Akwai baƙar fata daga Amurka mai ƙahon ƙarfe. Sai wata 'yar Japan siririya, ita ba ta zo da komai ba sai duwatsu da kofuna da takarda.

Na shimfiɗa tabarmata, na jera ƙorena, ina jiran a ce ga wanda za a yi wa, ga zabiya, ga 'yan amshi. Su kuwa kowa ya jawo abin kiɗansa. Suka rufe ido. Can sai tsohon ya ja baka a kan gogen, abin ya yi kuka irin na tsohuwar ƙofa. Mai ƙaho ya hura iska zalla, ba sauti, kamar numfashin saniya da asuba. 'Yar Japan ta murza takarda, ta goga dutse da dutse. Daga nan abin ya hau tashi, ya yi gurnani, ya yi kukan kura, ya koma yayyafi a kan kwano, ya dawo kamar mace na naƙuda a ɗaki na uku. Ba a san farkonsa ba, ba wanda ke ja, ba wanda ke bi. Ban taɓa jin abu mai ban tsoro da kyau haka a lokaci guda ba.

Da suka tsaya na ce wa Hamisu ya tambaye su wa ake yi wa wannan kiɗa. Ya tambaya. Suka dubi juna, tsohon ya ɗaga kafaɗa ya yi murmushi ya faɗi wata gajeriyar kalma.

Hamisu ya ce, "Wai ba kowa."

Na ji muryar Inna kamar tana bayana. Na mayar da ƙananan ƙoren cikin masaki, na naɗe hannuna a ƙirji.

Haka aka yi ta yi. Kullum in sauko in zauna, su yi abinsu, hannuna a naɗe. Jummai ta rame a tsaye. Ita ta tsaya mini wurin masu shirya taron, kuma sun gaya mata in ban taɓa ƙwarya ba kafin ranar babban wasa, za a sa ni jirgi a ba wani gurbina. Na ga kaina ina sauka a tashar Daura ba wanda ya ji hannuna a Turai, na bar ƙanena a Ikko a banza. Na kuma ga yarinyar nan da ba ta ƙara gane uwarta ba. Hamisu ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya kawo mini wa'azi irin na 'yan boko.

Ya ce, "Gwaggo, mutanen nan ba su san wani aljani ba."

Na ce, "Shi ya san su."

Ga kewa, ga yunwa. Guzurinmu ya koma da Ilu, namansu kuwa ina tsoronsa, burodi da shayi kawai nake sha. Na yi mafarkin fura har na farka ina tanɗe baki. Wata rana ina salla a ɗakina, mai sharar gidan ta leƙo, wata mace mai kauri da ɗankwali. Ta jira na sallame, ta kama kafaɗuna ta juya ni wani gefe ta nuna bango ta ce Makka. Ashe Baturkiya ce, Musulma, ni kuwa tun da na zo, arewa nake kallo in zan yi salla. Washegari ta zo mini da shinkafa da wake irin nasu a kwano, da wata baƙar riga mai nauyi kamar bargo. Ta shafa farar rigata ta yi dariya har da hawaye, na ƙyale ta don ta ci albarkacin shinkafar. Ba mu da kalma ɗaya ta tsakani in ban da bismillah da alhamdu lillahi, amma sun ishe mu. Baƙar rigar dai ta zo a makare, tari ya riga ya kama ni.

Hannu na naɗe, kunne kuwa ba ya naɗuwa. Ina zaune na fara gane mutanen nan ba hauka suke ba. Wannan ba ya shiga sai wancan ya bar masa ƙofa. In 'yar Japan ta yi ƙasa-ƙasa, mai ƙaho sai ya rage numfashi don kada ya danne ta. Abin ya tuna mini lugude, mata huɗu a turmi ɗaya, taɓaryarki ba ta sauka sai ta 'yar'uwarki ta tashi. Har na fara jin sanyi a raina, sai na ce wa kaina a'a, Azumi, lugude ai da hatsi a turmin, kuma da mai hatsin. Kada son zuciya ya yi miki fatawa.

Suna da wata ɗabi'a, a tsakiyar kiɗa sai su yi shiru gaba ɗaya, shirun da mutum zai yi raka'a biyu a cikinsa, ba mai motsi. Ana gab da ranar da za a yanke maganata, suna cikin irin wannan shiru, tari ya taso mini. Na danne, na danne, ya ƙwace. Gajeru biyu, dogo ɗaya mai ja a ƙarshe. Ɗakin ya amsa kamar rijiya. Kunya ta kama ni.

Sai na ji mai ƙaho ya busa a hankali, gajeru biyu, dogo ɗaya mai ja a ƙarshe.

Na miƙe tsaye. Ni za a yi wa ba'a? Na ce wa Hamisu ya gaya wa wannan mutumin ko a gidan sarauta ba a kwaikwayon tarina. Hamisu bai fassara ba. Ya ce, "Gwaggo, don Allah tsaya ki ji."

Tsohon ya ɗauka a kan igiyarsa mafi kauri, gajeru biyu, dogo ɗaya, har na ji shi a tafin ƙafata. 'Yar Japan ta buga da duwatsunta. Abin ya zagaya ɗakin ya dawo, aka ja shi, aka lanƙwasa shi, aka sa masa ƙafafu ya fara tafiya, tafiya irin ta mace mai ji da kanta wadda ta ɗaure ɗamara ta wuce gaba. Na duba, duk idanunsu a buɗe, kuma ni suke kallo.

Ni na san take in na ji shi. Tun ina 'yar yarinya nake yi wa mutane take, amare da masu jego da matan attajirai waɗanda ko sannu ba sa ce mini in an tashi biki. Ba a yi wa makaɗi take. Inna ta mutu ba a yi mata ba. Ga shi a bayan duniya, mutum uku da ba su san ko sunan garinmu ba sun tsinci tarina a ƙasa sun yi mini. Na koma na zauna. Hamisu yana cewa wai na yi kuka. Hayaƙin tabarsu ne, a gidan nan kowa busawa yake.

Ina zaune na waiwayi kwanakin baya. Ranar da kofi ya suɓuce wa 'yar Japan ya yi ta juyi a ƙasa, ai bin sa suka yi. Ranar da hannun tsoho ya gaji, mai ƙaho ya lulluɓe shi da busa har ya huta. Ashe kiɗan da mai shi, kuma yana cikin ɗakin, da hanci da ido. Canjawa kawai yake daga wannan zuwa wancan kafin ka ƙifta. Amma rantsuwa ba a cika ta rabi. Inna ta ce mai suna, mai uwa da uba. Na ce wa Hamisu ya tambayi kowa sunansa da na uwarsa da na ubansa. Ya ce a nan ba a yin haka, ko a gida ma in ka ambaci uwar mutum faɗa ne. Na ce wannan ga irinku ne, mu makaɗa an yarje mana.

'Yar Japan ta ce ita ce Miciko, 'yar Haru da Kenji, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa duwatsun. Mai ƙaho ya ce Jemis, ɗan Luwiza da Tomas, ya ƙara da cewa daga kakarsa sunaye suka yanke, don daga wajenmu aka kwashe su a jirgin ruwa ba a rubuta ba. Aka zo kan tsohon. Ya ce Walta, uwarsa Gireta. Ubansa ya tafi yaƙi shi yana goye, bai dawo ba, kuma tun rasuwar uwar ba wanda ya ƙara furta sunan. Ya ce Emil. Yana faɗa ya jingine gogen a bango ya zauna a ƙasa. Ban ƙara tayar masa da maganar nan tasa ta wai ba kowa ake yi wa kiɗa ba. Shi da ganewarsa, ni da tawa.

Na maimaita sunayen har suka zauna a bakina. Sannan na ce a kawo ruwan ɗumi a cika mini masaki. Na kife ƙwarya a kai, na yi bismillah.

Ranar babban wasa fili ya cika maƙil, har a kan matakala mutane. Ba guɗa, ba liƙi, ba mai goyo da ke kai da kawowa, sun yi tsit kamar ana jiran liman. Ni na fara. Na ɗauko yadda Walta ke jan ƙafarsa, taku ɗaya mai nauyi ɗaya mai jinkiri, na zuba a ƙwarya, na ɗaga murya na kira shi da Hausa, Walta ɗan Gireta, ɗan Emil da ya tafi bai dawo ba. Gogen ya amsa mini da wata murya da ban taɓa ji ya yi ba. Na juya kan Jemis, na juya kan Miciko, su ma suka juyo kaina. Daga nan ban san wa ke ja ba. Na tsinci kaina ina ɗaga gefen ƙwaryar daga ruwa ina mayarwa muryarta na hawa da sauka, ina ɗibar ruwa da ludayi ina tsiyayarwa daga sama, ina goga zobena a bayan masaki, abubuwan da in na yi a gidan biki za a ce Azumi ta taɓu. Kuma duk abin da na jefa kafin ya faɗi wani ya cafe. Ban san cewa ƙwaryar Inna na ɗauke da waɗannan muryoyi ba, ni da na girma a gindinta.

Sai muka tsaya, mu huɗu, lokaci guda. Ba wanda ya yi ishara. Ruwan masaki yana ta rawa shi kaɗai, jama'a sun riƙe numfashi.

Can baya wani mutum ya yi tari. Jemis ya dube ni idonsa na dariya, ya ɗaga ƙaho ya amsa masa, sauran suka bi, jama'a suka ɗauka da sowa. Ni na naɗe hannuna, don ban san sunan mutumin ba. Sai da kiɗan ya dawo kan Miciko na koma.

Da na dawo Daura matan unguwa suka cika tsakar gidanmu, wannan na shafa baƙar rigar, waccan na tambayar ko da gaske Turawa ba sa cin tuwo. Wata ta ce to wai bikin wa aka yi har aka ɗauke ki. Na ce nawa. Suka yi ta dariya, na bar su.

Ilu ya rasu shekarar da aka yi ambaliya a Zango, har ya mutu in ya ga mai rigar ma'aikata sai ya dafe aljihu. Jummai ta ƙara zuwa sau ɗaya da furfura, daga baya labari ya zo ita ma ta tafi. Walta tun a lokacin tsoho ne, ba sai an gaya mini ba. Jemis da Miciko da Baturkiyar nan, Allah kaɗai ya san inda suke. Daga cikin waɗanda suka raka ni tasha saura Tabawa, ita ma kunne ya tafi. Malam Hamisu yana nan a Katsina, ya yi ritaya, ido ya yi rauni, duk salla yana aiko mini da turmin atamfa ya ce a gaya wa Gwaggo wannan ba ta fitowa wanka ba ce. Sai ni. Ƙoren suna rataye a ɗakina, hannu ya daina biyayya. Tarin ma yana nan bai canja ba, gajeru biyu, dogo ɗaya. In na yi shi nakan ɗan saurara kaɗan. Jikokina sai su kawo mini ruwa.